Na kai Maryamun matata gadin masara, yanzu an ce in fasa ta da guduma

Daga admin: Wani dattijo ne ya turo mana wannan daga ƙasar Doguwa, ya roƙi a sakaya sunansa. A yi sharhi da ladabi, ba a zagin addinin kowa a nan.

Salamu alaikum jama'ar wannan zaure, manya da ƙanana, Musulmi da Kirista, har da ku masu karantawa ku yi shiru kamar ba kwa nan. Admin ka rufa mini asiri ka cire sunana, ko da yake a ƙauyenmu ko akuya ce ta karanta wannan ta san ni ne. Don Allah ku ba ni shawara, abin ya kai mini iya wuya. Ku yi haƙuri da rubutuna, ajin yaƙi da jahilci kawai na yi, shi ma wata bakwai aka kore ni don na ɗaure wa malami bakin riga a jikin benci. Da yatsa ɗaya nake danna wayar nan, yau kwana uku ina rubutawa ina gogewa.

Ni tsoho ne, ban san shekaruna ba don ba a rubuta ba, amma haƙorana na gaba sun riga ni yin ritaya. Ina zaune a wani ƙauye kusa da Riruwai, da ƙuruciya na yi haƙar kuza har ta cinye mini gwiwa, yanzu masara nake nomawa. Bahaushe ne ni kuma Kirista, na san wasunku na birni za su ce dama akwai haka, to akwai, mu ne 'ya'yan Maguzawa. Ubana har ya mutu bai yi salla ba bai shiga coci ba, jigo gare shi a tsakar gida, wato wani itace da ake kafawa ana yanka kaza a gindinsa ana zuba wa iskoki jini. Shekarar da aka yi mini baftisma, jini na tafasa, na zo da rana tsaka na tumɓuke jigon nan a gaban idonsa, na kai wani tsohon ramin kuza da ruwa ya cika na jefa. Tsohon bai zage ni ba, ya dai daina cin tuwo da ni a kwano ɗaya, har ƙasa ta rufe shi. A cocinmu kuwa na zama abin misali, duk sabon faston da aka kawo sai an tsayar da ni na ba da shaida, ni kuma kowace shekara sai na ƙara wa labarin gishiri, har akwai shekarar da na ce jigon ya yi kuka. Na faɗi wannan ne don ku san ni ba a yi mini kwatancen gunki, a gindinsa aka yaye ni.

Matata, bari in kira ta Ladi ko da yake ba ran Lahadi aka haife ta ba, 'yar wani ƙauye ce ta wajen Tudun Wada, su can a cocin su Fada suka tashi, masu kyandir da durƙuso. Da na auro ta sai ta bi ni cocinmu na masu fasto, kamar yadda mace kan bi mijinta, ba gardama. Mun haura shekara arba'in tare. Haihuwa bakwai ta yi, biyu suka tsaya, babbar 'yarmu da ke aure a Tudun Wada, sai autanmu Dauda, shi kaɗai ne namiji. Matar nan ta sha bakina, don ni Allah ya yi ni da tsokana, in ban tsokani mutum ba tuwo ba ya wuce mini. Na taɓa sa mata kwaɗo a randa, na taɓa tashi a gaban zumuntar mata na ce a yi mini addu'a ita ke dukana. Sai dai ta yi dariya ta ce Baban Dauda kai dai ba za ka girma ba sai a kabari.

Dauda aikin tayil yake yi a Jos, a can ya koma cocin dangin uwarsa, na yi surutu har na gaji. Kirsimetin shekara uku da suka wuce ya zo gida, ya kawo wa uwarsa wani abu a kwali an naɗe shi da jarida. Da aka buɗe sai ga mutum-mutumin Maryamu uwar Yesu, na filasta, tsawonsa bai fi kamu ɗaya ba, farar riga, shuɗin mayafi, ta buɗe hannuwa biyu kamar mai tarbar yaro. Ladi ta rungume abin tana ta sa masa albarka. Ni kuwa ga baƙi cike da gida, ga shinkafa ga nama, sai bakin nan ya buɗe. Na ce na fitar da gunki daga gidan ubana da hannuna, yau ɗan cikina ya sayo wani ya shigo mini da shi a kwali, na ce gara ma na kakansa, shi kyauta ne a daji ake sarowa. Mutane suka kwashe da dariya, ni kuma in aka yi mini dariya kamar an zuba wa wuta fetur ne, na ci gaba, na yi abin da ba zan rubuta ba. Yaron ya ce Baba ba bauta mata ake yi ba, don tunawa ne. Na ce haka duk mai tsafi yake cewa in an kama shi. Sai bayan sabuwar shekara ya kamata ya koma, amma washegari da sassafe ya rataya jakarsa, ya durƙusa ya gaishe ni ya fita. Motar da ya shiga ba ta kai Saminaka ba. Da la'asar aka kawo mana shi a bayan a-kori-kura.

Har yau Ladi ba ta taɓa ce mini kai ne ba. Da ta faɗa da ya fi mini sauƙi. Abin da ta yi kawai, ta daina ce mini Baban Dauda, ta koma ce mini Malam kamar wani mai awo a kasuwa, ta ɗora Maryamun nan a kan kabad a tsakiyar kwanukanta, ta koma zuwa cocin su Fada a ƙafa, tafiyar da ni da gwiwar nan ba zan iya ba. Kullum da safe kafin ta hura wuta sai ta kunna kyandir ta durƙusa, ni ina tsakar gida ina wasa fartanya ina jin muryarta ƙasa-ƙasa. Shekara uku ba ta ambaci sunan yaron nan a gabana ba, amma ina jinsa yana fita daga bakinta a gaban filasta. To mai hankali zai yi shiru ko? Ni sai na sa wa abin suna 'Yar kan kabad. In ta fito in ce yaya ta kwana, ta ci tuwo kuwa, ko ita ma azumi take. Rannan na ce mata ki dubi Allah Ladi, mene ne bambancin wannan da jigon tsohona, shi a zuba masa jini ke ki ƙona wa taki kyandir. Ta dube ni ta ce Malam, ni ba filasta nake roƙo ba, na san filasta ce, har shagon da aka saye ta an gaya mini. Mace ce da aka sauko da gawar ɗanta aka ɗora mata a cinya, in na dube ta sai in tuna akwai wadda ba sai na yi mata bayani ba. Sai na ce a dai yi hankali kada kyandir ya ƙona mini ɗaki.

Daminar bana 'yarmu ta haihu, Ladi ta tafi Tudun Wada zaman jego, kwana arba'in. Ba ta tafi da Maryamun ba don hanyarmu da damina sai mashin, tana tsoron ta fashe, ta lulluɓe ta da farin ƙyalle ta ce Malam kada ka taɓa mini ita. Da ba ta faɗa ba ma wataƙila da ban tuna ba. A lokacin masarata ta yi goyo ta fara nuna, ɓarayi suka sa ni gaba, kullum na je da safe sai in tarar an karye kunya biyu ko uku, ɗanya suke kai wa masu gashi a bakin titi. To a ƙasarmu tun kaka da kakanni in ɓarayi suka dami gona ba gadi ake yi ba, tsari ake kafawa, a kife baƙar tukunya a kan itace, a ɗaura jan ƙyalle, ɓarawo in ya gani ya san in ya taɓa cikinsa zai kumbura. Har yau ana yi, Musulmi da Kirista, kowa ya ce ai nawa na tsoratarwa ne kawai babu komai a ciki. Matsalar ita ce ɓarayin zamani su ma sun san babu komai a ciki, wanda na kafa bara har tukunyar suka sace.

Ina zaune ina cizon yatsa sai idona ya faɗa kan farin ƙyallen nan a ɗakin Ladi. Na ce a raina, to ita ta ce filasta ce ba wani abu ba, in filasta ce ina laifi ta yi mini gadin sati biyu, in kuma akwai wani abu a cikinta to ta fito ta yi aiki, shekara uku tana cin kyandir a gidana ba ta taɓa tsinana mini komai ba. Kun ga lissafin jahili, ta ko'ina ni ne da riba. Na sa ta a buhu na kai gona, akwai wani suri a bakin hanyar da mutane ke bi, na daddale samansa na tsayar da ita tana kallon hanya. Ina cewa da nan na tsaya da abin bai kai haka ba. Amma hannu ba ya manta abin da ido ya gani tun yana yaro, ban ankara ba na yago jan ƙyalle na ɗaura mata a wuya, na kife tukunya a gefenta, na ja da baya ina dariya ni kaɗai kamar wanda ya ci gasa.

Jama'a, ko zangarniya ɗaya ba a sake taɓa mini ba. Ɓarayin suka koma gonakin maƙwabta. Mata masu zuwa itace suka canza hanya, Fulani masu kawo nono suka riƙa zagayawa ta rafi. Ni kuma a teburin mai shayi ina ta cika baki, ina cewa na ɗauki sabuwar mai gadi, ba albashi ba abinci. Abin da ban lissafa ba shi ne abin da mutane suke gani in sun dube ta. Duk wanda aka haifa a ƙasar nan kakarsa ta ba shi labarin Uwar Gona, iskar da Maguzawa ke cewa ita ke tsaron amfani tana kumbura cikin ɓarawo, kuma kullum cewa ake farar mace ce mai lulluɓi. To ga farar mace mai lulluɓi a kan suri da jan ƙyalle a wuya, a gonar ɗan mai jigo. Ni na ajiye Maryamu, gari ya ga Uwar Gona.

Wanda ya fara zuwa shi ne Malam Iro, maƙwabcina a gona, Musulmi, abokin wasana na shekara talatin, yana ce mini Na-Kuza ina ce masa Limamin gwaza. Ranar bai zo da wasa ba. Ya ce Na-Kuza ka san mu a wajenmu sassaƙa siffar mutum haramun ne, ko ta wane ne, wannan ba abin da zan ɓoye maka ba ne. Amma wadda aka ce wannan siffarta ce, Nana Maryam, mu ma muna girmama ta, ba sunan da za a ɗaura wa jan tsumma a ajiye a kan suri ana korar ɓarayin masara da shi ba ne. Ya ce wanda ya sassaƙa ya yi laifi ɗaya, kai ka yi biyu, ka ɗauke abin nan yau. Na ce Liman kai dai haushi kake ji don ɓarayin sun koma gonarka. Ya kaɗa rigarsa ya tafi, tun ranar in mun haɗu sai dai ina kwana ina gajiya.

Bayan kwana biyu na je da safe na tarar da abin da ban zata ba. An yanka farar kaza a kan Maryamun. Jini ya bi farar rigar nan tun daga ƙirji har ƙasa ya bushe, gashin kaza ya manne, ga ƙwaryar kunu a gindin surin. Ruwan sama dama ya fara ɓare shuɗin mayafin, hannun dama kuma ya karye daga wuyan hannu yana kwance a ƙasa. Ban sha wuyar neman mai aikin ba, ita ta neme ni. Iya Kande ce, wata tsohuwa tukuf, ita kaɗai ta rage a unguwarmu da ke bin hanyar da. Ta durƙusa mini a hanya tana godiya, ta ce jikarta ce ba lafiya ta rasa inda za ta kai kuka tun da aka tumɓuke jigunan gari, ta ce Allah ya yi maka albarka da ka dawo mana da Uwar Gona, ashe jinin ubanka bai mutu ba. Kuma yarinyar ta tashi, yanzu ku je ku gaya wa Iya Kande cewa allurar asibiti ce. Nan ne ya kamata in ɗauke ta in gudu gida. Ban ɗauke ba. Saura kwana huɗu a karya masara, na ce bari ta ƙarasa aikinta. Wannan shi ne gaskiya, ba zan yi muku kwana-kwana ba.

Labari ba ya jiran mota. Ranar kasuwar Tudun Wada wata matar ƙauyenmu ta haɗu da Ladi ta ce ashe gunkin nan naki da ƙarfi yake kika ɓoye mana, in an gama da shi a ba mu aro. Washegari da hantsi ina gona sai ga Ladi da jaka a kai, ko gida ba ta biya ba. Ta tsaya gaban surin nan ta daɗe. Ba ta yi kuka ba, ba ta durƙusa ba, ba ta zage ni ba. Ta sa hannu ta kwance jan ƙyallen, ta ninke shi tsaf kamar wankakken kaya ta miƙo mini. Ta ce Malam, shekara uku kana cewa gunki ce ka rasa mai taya ka, sai da ka mai da ita gunkin da hannunka. Na fara cewa ai wasa ne, ta ce wanda ya kawo ta nan shi zai mai da ita. Ta gyara jakarta ta juya ta koma bakin titi. Yau sati biyar ke nan. Ni nake tuƙa tuwo, kuma in kun ga tuwon za ku ce hukuncin ya isa haka.

Bai isa ba, don dattawan ikilisiya sun kira ni. Mutum shida a zaune da fastonmu, yaro ne sa'an Dauda, ni a tsaye kamar ɓarawon akuya. Cikinsu akwai wanda na san a daminar nan tukunya biyu ya kife a gonarsa, shi ya fi kowa girgiza kai. Fasto ya ce Dokoki Goma a fili suke, an hana sassaƙa siffa an hana rusuna mata, ya ce tun shigar abin nan gidana ya kamata in tsaya a matsayin maigida in fitar da shi. Na nuna masa bango na ce ranka ya daɗe, wancan hoton Yesu mai dogon gashi da ɗan rago a kafaɗa fa, shi ba siffa ba ne? Ya ce Baba wannan kalanda ce. Na ce to ni ma tawa kalanda ce mai tsayuwa. Ba wanda ya yi dariya, karo na farko a rayuwata. Sai faston ya faɗi maganar da har yanzu take cina. Ya ce Baba, iyayenmu sun sha wuya kafin mutanen ƙasar nan su daina ce mana masu tsafi, kai kana cikin waɗanda suka sha wuyar, yau a kasuwa ana cewa ashe dama tsafin ne suka sa wa riga suka kai coci, yaranmu a makaranta ana ce musu 'ya'yan Uwar Gona. Wannan ban iya musawa ba, gaskiya ce. Suka sa ni horo, na koma bencin baya, babu Jibin Ubangiji, wato gurasar da masu bi ke ci tare a coci. Suka ce ran Lahadi mai zuwa in kawo ta gaban jama'a bayan sujada in fasa ta da guduma, kamar yadda na kawar da jigon ubana, sai a karɓe ni. In na ƙi za a cire sunana, kuma in na mutu kada iyalina su nemi ikilisiya ta binne ni. Ku matasa wannan ba zai dame ku ba, amma ni kullum in na wuce makabartar coci ina ganin inda za a sa ni, kusa da yarana shida.

Na hau mota na je Tudun Wada da buhun sabuwar masara. Ladi ta gaishe ni kamar baƙon surukai, ta sa aka kawo mini ruwa, masarar kuwa ta ce a bai wa kaji, ita ba za ta ci abin da aka tsare da jini ba. Na gaya mata abin da dattawa suka yanke. Ta ce sharaɗinta ɗaya ne, in wanke ta, in gyara hannun, in ɗauko ta a kaina da rana tsaka ba buhu ba lulluɓi, tun daga gonar in ratsa ta tsakiyar gari in mai da ita kan kabad, ranar da ta ji an yi haka a ranar za ta dawo. Ta ce a ɓoye ka fitar da ita, a fili za ka shigo da ita. In kuma ka fasa, ka aiko mini da tukwanena, in na mutu kada ka zo. 'Yarmu na kuka tana cewa Mama ki yi haƙuri Baba ya tsufa, ta ce tsufan nan tare muka yi shi. Na ce in sayo miki sabuwa fa, babba, wadda ta fi wannan kyau. Ta ce sabuwar wa ya riƙo ta a cinyarsa tun daga Jos?

Kafin in bar garin na biya wajen katikis ɗin cocinsu, wato mai koyar da addini a ƙarƙashin Fada, na ce malam ka gaya mini tsakaninka da Allah, abin nan gunki ne ko ba gunki ba ne. Ya ce Baba, ko mu in muka ga mutum yana zuba wa wannan jini, ko yana jira ta kama masa ɓarawo, gunki za mu ce yana yi, abin da ya raba hoto da gunki shi ne abin da kake jira ya yi maka, matarka ba ta taɓa jiran filasta ta yi mata komai ba, kai ne ka ba ta aiki. Ya kawo mini misalin macijin tagulla da Musa ya ɗaga a jeji, ya ce ka ga Allah da kansa ya sa aka ƙera siffa. Ni kuma wannan labarin na san ƙarshensa, don na sha jinsa a wa'azi, na ce ai daga baya da mutane suka fara ƙona masa turare fasa shi aka yi. Katikis ya sosa ƙeya ya ce haka ne. Na ce to ka ga ko kai ka ce a fasa ke nan. Ya ce shi bai faɗi haka ba, ya ce in je in yi addu'a. Kowa in ya rasa amsa sai ya tura ka addu'a. Fasto ya ce gunki ce, Malam Iro ya ce haramun ce amma na wulaƙanta mai sunan, katikis ya ce ba gunki ba ce sai da na taɓa ta, mutum ɗaya tak ke yi mini godiya a duk ƙasar Doguwa, ita ma mai yanka kaza ce.

Kada wani ya ce in sayo wata in fasa a coci in ajiye ta gaske, na riga ku tunanin, irin wayon da ya kawo ni nan ke nan. Kuma ba zai yi ba, tunda Ladi ta ce sai na ratsa gari da ita a kai kowa ya gani.

Yanzu ga abin da ban gaya wa kowa ba, sai ku da ba ku san fuskata ba. Da aka karya masara na ɗauke Maryamun daga surin, yanzu tana cikin rumbuna, a kan masarar. Shekaranjiya da rana na fito da ita bayan rumbun inda ba mai gani, na wanke ta da sabulu da soso, jinin ya fita amma ya bar tabo kamar na goro, ya shiga cikin filastar. Na binciko ragowar farin siminti da Dauda ya bari lokacin da ya yi wa uwarsa tayil a ɗaki, na kwaɓa na manna hannun. Dole sai an riƙe kafin ya kama, ni kuma gwiwata ba ta tsugunno, sai na zube a kan gwiwoyin biyu ina riƙe da hannunta. Na daɗe a haka. Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba, na ji kaina ina cewa, in da gaske ne kina inda yake, ki ce masa wasa nake yi. Na faɗi sunansa. Na yi kukan da ban yi ba ranar da aka kawo shi. Na san filasta ce, ni na kwaɓa simintin, hannun ma a karkace ya kama. Amma a durƙushe nake, kuma magana na yi.

To ku da kuka yi karatu, malamai da fastoci da masu Fada, ku gaya mini, abin da na yi a bayan rumbun nan bautar gunki ne? In shi ne, ku gaya mini yadda ake tuba daga gare shi, don ni dai tun ranar wani dutse ya sauka daga ƙirjina. In na fasa ta, na fasa abu na ƙarshe da yaron nan ya ba uwarsa, kuma na san Ladi, ba ta magana biyu. In na ɗauko ta a kai na ratsa gari, na tabbatar wa 'yan kasuwa maganarsu, na bar cocin da na rabu da ubana saboda shi, kuma ban san inda za a kai gawata ba. Zagina kuna iya yi, na ci, ba zan yi fushi ba, amma bayan zagin ku bar mini magana ɗaya da zan riƙe. Lahadi saura kwana huɗu. In gari ya waye ranar, guduma zan ɗauka ko gammo?